Kunnen Magdi da Bigilar Bashir

Cikin duk shekarun da na yi ina jan wayar kayan sauti a birnin Alƙahira, ban taɓa mantawa da ranar da muka haɗa 'yan busa da 'yan baƙaƙen riguna a dandamali ɗaya ba. Tunda ku sababbi ne, kuma na ga wasunku har yanzu suna naɗe waya kamar igiyar guga, bari in ɗauko muku labarin daga tushe.

Karatu ne ya kawo ni, kamar yawancinku. A unguwar Darrasa nake zaune, sai wani hutu abokina ya kai ni wurin Usta Ramadan, mai ba da hayar kayan sauti a Abbasiya. Usta shi ne babban gwanin sana'a a bakin Misirawa. Da ya ji abin da nake karantawa sai ya laƙaba mini Shehi, sunan ya bi ni har yau. A wurinsa da dakon lasifika ake farawa, sai shimfiɗa waya, sai kafa makirfo. In an ga kana da kunne da haƙuri, a ɗora ka kan monita. Shi kuwa Usta yana can tsakiyar jama'a da babban teburinsa na maɓallan sauti, shi ke da sautin da masu kallo ke ji.

Monita su ne ƙananan lasifikokin da ke ajiye a ƙasa gaban kowane makaɗi, suna fuskantarsa. Ta cikinsu yake jin 'yan uwansa, don a kan dandamali ƙara ta yi yawa, mai jita ba ya jin mai ganga sai an kai masa. Teburin mai monita yana gefe, bayan labule, inda makaɗa ke ganinka amma jama'a ba sa gani. Da hannu ake magana: makaɗi ya nuna ganga ya ɗaga yatsa, ka ƙara masa ganga, ya gyaɗa kai. To makaɗi ba ya ƙoshi da ƙari. Shi ya sa Usta ya bar maɓalli guda a teburin wanda ba a haɗa shi da komai ba, muna ce masa maɓallin haƙuri. In mutum ya matsa, ka tura masa shi yana kallo, sai ka ga ya gyaɗa kai ya ce tamam. Dama can yana ji, kulawa yake so.

Su kuwa ƙungiyoyin nan biyu, asalinsu ɗaya ne. Sama da shekara ashirin da suka wuce, wasu ɗaliban jami'a a Giza suka kafa ƙungiyar kiɗa. Jagororinta biyu ne: Magdi, Bamisire mai kaɗa jita, da Bashir, Bahaushen Sudan mai busa bigila. Tare suke cin ful, dafaffen waken Misirawa, tare suke kwana a ɗakin gwaji. Sai Bashir ya kamu da son ska, wani kiɗa mai tsalle-tsalle da ya samo asali daga Jamaika, inda jita ke faɗawa tsakanin bugun ganga kamar taɓarya ta biyu a lugude, masu busa kuma su ne a gaba. Magdi kuma zuciyarsa ta tafi ga metal, kiɗa mai nauyi da ruri, wanda in ana yinsa har haƙarƙarinka ke amsawa. Wata rana a wurin gwaji Magdi ya ce busa ta masu rakiyar amarya ce. Bashir ya ce gara rakiyar amarya da hayaniyar maƙera. Daga nan kowa ya ɗauki kayansa da mutanensa, aka shiga ba a ga maciji.

'Yan busa suka sha yawon bukukuwa da jiragen shaƙatawa na kan Nilu kafin a san da su. Mutanensu sun yi ta canzawa, wannan ya tafi aikin soja, wancan ya samu aiki a ƙasashen Larabawa, amma Bashir yana nan. 'Yan metal sun fi shan wuya. Akwai lokacin da masu ɗakunan taro ba sa ba su wuri saboda dogon gashi da baƙaƙen riguna, suka koma gwaji a gareji. Duk abokan farawar Magdi suka watse, ya yi ta ɗauko matasa yana koya musu, har ya zama shi kaɗai ne mai furfura a cikinsu. Ƙungiyar nan ita ce rayuwarsa, ko aure bai yi da wuri ba saboda ita.

Wata Asabar bayan ƙaramar sallah, wata baiwar Allah da ta tashi da jin ƙungiyoyin biyu ta shirya musu wasa tare a wani ɗakin taro a Giza. Usta ya samu aikin, ni ke kan monita. Ƙa'idar gwajin sauti ita ce wanda zai rufe wasa shi ke fara gwaji, don haka 'yan metal suka hau bayan azahar.

Ana farawa Magdi ya nuna ganga ya ɗaga yatsa. Na ƙara. Ya sake ɗagawa, na sake ƙarawa. Usta ya yi mini magana ta abin kunne, ya ce, “Ya Shehi, ba shi na haƙuri.” Na tura maɓallin haƙuri yana kallona. Bai gyaɗa kai ba, yatsan nan yana sama. Sai na tura na gaske har ƙarshe, har mai jitar bes, jitar nan mai kaurin murya, da ke kusa da shi ya toshe kunne ya ja da baya. Magdi bai ko motsa ba. Nan na gane akwai matsala.

Kiɗan metal yana da wata al'ada: ana cikin ruri sai kowa ya ɗauke lokaci guda, wuri ya yi tsit, mai ganga ya ɗan ƙwanƙwasa sandunansa, sannan a faɗo tare. Da aka zo wurin, kowa ya shigo, Magdi ya shigo a makare. Aka maimaita, ya sake makara. Karim, matashin da ke kaɗa musu ganga, ya ajiye sanduna ya kalli silin. Da suka sauka ina naɗe waya a bayan matakala, na ji Karim yana ce wa mai bes, “Khalas, in ya kunyata mu yau, magana ta ƙare. Wancan da muka gwada ranar Talata a shirye yake.” Wato sun riga sun samo wanda zai maye gurbinsa a ƙungiyar da shi ya kafa.

Na bi Magdi waje inda yake shan shayi. Na kira shi ta baya, shiru. Sai da na zagayo gabansa. Na ce, “Ya Ustaz, na kai maka ganga ƙarshen abin da injin ke iyawa.” Ya ajiye kofin. Ya ce, “Kunnen hagu ya tafi tun bara, ya Shehi. Na dama kuma kamar ina ƙarƙashin ruwa. In ana ruri ina jin ganga a ƙafata, amma in aka yi tsit, ƙwanƙwasar Karim ba ta zuwa mini.” Ya riƙe hannuna ya ce kada in faɗa wa kowa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, kuma ban san abin da zan yi masa ba, don duk ƙarin da zan yi ragowar kunnen zan ƙarasa masa.

Ashe Bashir yana zaune can kujerun baya yana jiran nasu gwajin, ya ga komai. Bayan sun gama muka yi la'asar tare a tsakanin akwatunan kaya, kamar yadda muka saba in aiki ya haɗa mu. Yana sallamewa ya ce mini da Hausarsa ta Sudan, “Ɗan uwa, zol ɗin nan, wato Magdi, ba ya ji, ko?”

Na ce, “Yaya Bashir, ni dai ban ce ba.”

Ya ce, “Ba sai ka ce ba. Magdi bai taɓa makara a kiɗa ba tun muna samari. A komai yana makara, amma ban da kiɗa.”

Yana jan carbi ya bayyana mini wani abu na sana'arsu. Masu busa bakinsu a cike yake, ba halin ƙirga da murya, don haka jagora da bakin bigilarsa yake ba da umarni. Ya sunkuyar da ita a kan kowane bugu, ya ɗaga ta sama in za a ɗauke, ya sauke ta da ƙarfi in za a faɗo. Ya ce, “Magdi ya iya karanta bigilar nan tun kafin yaran nan su yi haƙori. Ka ba ni wuri kusa da teburinka, inda shi kaɗai zai gan ni.”

Dokar Usta ce ba mai tsayawa wurin monita sai ma'aikaci, don haka na je neman izini. Ban faɗa masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba, mutum ne da ya daɗe a sana'a. Ya ce, “Ma'alish, ya tsaya. Amma in ya taɓa mini maɓalli ɗaya, ku biyun zan jefa a Nilu.” Daga nan na kai wa Magdi saƙo. Fuskarsa ta canza, ya ce, “Kai ka faɗa masa?” Na rantse ban faɗa ba. Ya ce, “Mai rakiyar amare ne zai ƙirga mini?” Ya juya ya tafi.

Bayan magariba aka buɗe ƙofa. 'Yan busa suka fara, wuri ya ɗauki tsalle, har masu baƙaƙen rigunan da suka zo suna cin magani na ga ƙafafunsu na motsi. Da suka sauka, Bashir bai ko goge gumi ba ya zo ya tsaya a kafaɗata da bigilarsa. 'Yan metal suka hau.

A waƙar farko Magdi ya ƙi kallon gefenmu, ya ba mu ƙeya. Aka zo wurin ɗaukewa, aka faɗo, ya makara. Ba sosai ba, amma na ga Karim ya cije leɓe ya kalli mai bes. Bashir bai fasa ba, yana ta sunkuyar da bigila ga mutumin da ba ya kallonsa. Ni kuwa addu'a kawai nake yi. A waƙa ta biyu sai Magdi ya yi kamar yana gyara igiyar jitarsa, ya juyo rabin jikinsa wajenmu. Aka ɗauke. Bigila ta tashi sama, ta tsaya, ta sauko. Magdi ya faɗo tare da ganga kamar hannu ɗaya ne ya buga su. Jama'a suka ɗauki ihu.

Daga nan bai sake kuskure ba. Ina ganin haka na fara rage masa monita a hankali har ta dawo daidai da ta kowa, bai ma lura ba. Tsakanin waƙoƙi na tambayi Bashir yadda aka yi ya san duk wuraren da suke ɗaukewa, har a sababbin waƙoƙinsu. Ya ce, “Kai ka ɗauka wa ke tsayawa can bakin ƙofa da hular sanyi duk lokacin da suke wasa?” Ya sa hannu ya murza kafaɗarsa, don riƙe bigila a sama ba busawa ya fi busawar gajiya.

Kafin waƙar ƙarshe Magdi ya matsa ga makirfo. Ya ce wa jama'a, “Ina da magana. Kunnena ya mutu, na daɗe ina ɓoyewa, har ga waɗannan da ke bayana. Duk abin da kuka ji na buga daidai yau, ba ji na yi ba, gani na yi.” Ya taho gefenmu ya kamo hannun Bashir ya jawo shi cikin haske. Tafi ya ɓarke. Ni idona yana kan Karim. Sai ya tashi ya kira ni da hannu. Na haura, ya ce, “Ya Shehi, taya ni mu juya gangunan nan.” A gaban jama'a muka karkata su zuwa inda Magdi zai riƙa ganin sandunansa. A waƙar ƙarshe Karim ya riƙa ɗaga sanda sama da kansa kafin kowace faɗowa, Bashir kuma ya samu sarari ya busa tare da su.

Magdi ya ga likita bayan haka, an sa masa abin ji, an hana shi tsayawa kusa da lasifika. Har yanzu shi ne jagoran ƙungiyarsa. Shi da Bashir kuwa ba su daina gardama a kan kiɗan wa ya fi ba, sai dai yanzu a teburin shayi ɗaya suke yinta.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, aikinmu ba ƙara sauti ba ne, kowane ɗan koyo ya iya tura maɓalli sama. Aikinmu shi ne kowa a kan dandamali ya samu ɗan uwansa. Makaɗa mutane ne masu girman kai, wani zai gwammace ya rasa ƙungiyarsa da ya buɗe baki ya ce ba ya ji, kuma mai monita ne farkon wanda ke ganewa. In ka gane, ba naka ba ne ka tona, ba naka ba ne kuma ka kawar da kai. Ka duba cikin ɗakin, sau da yawa akwai wanda ya daɗe yana jiran a ba shi wurin tsayawa. Yalla, ku tashi mu loda mota.