Tsatsa a Likkafanin Inna

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta dawo daga Makka da farin alawayyo. Da hannunta ta tsoma shi cikin ruwan zamzam a can, ta shanya ya bushe. Ta ce in ta cika, a cikinsa za a naɗe ta. Da idonta ya yi rauni sai ta danƙa mini ajiyarsa, a cikin akwatinta na ƙarfe.

A gidanmu na Ƙofar Dumi muke zaune. Shekarar da na sayi sabon kabad na jera kwanuka, sai akwatin ya tsone mini ido. Na tura shi kusurwar ɗaki, inda na san kwanon rufi yana yoyo. Na ce gobe zan canza masa wuri. Har damina ta wuce goben nan ba ta zo ba.

Ranar da na buɗe akwatin, na tarar ruwa ya shiga. Tsatsa ta bi kowane ninki na yadin, ja-ja kamar an tofa goro.

Na ƙunshe shi cikin mayafi na shiga wurin maƙwabciyata, wadda mijinta ke sana'ar wanki da guga. Na nuna mata gefe ɗaya kawai.

"Tsatsa ce," in ji ta. "Kada ki kuskura ki sa bilic, ƙara zama za ta yi. Ki matsa lemun tsami, ki barbaɗa gishiri, ki baza a rana, sannan ki ɗauraye. Na mene ne?"

"Zanin gado."

"Zanin gado ba kalmasa? Ke, ko shirin tafiya kike yi ba ki sallame mu ba?"

Ta yi dariya. Ni ma na yi.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. In na wanke, zamzam ɗin Inna ya tafi. In ban wanke ba, ranar da ta rasu za a warware yadin a gaban dangi, kowa ya ga yadda na riƙe amana. Na auna biyun, na zaɓi kare mutuncina.

Kwana uku ina yi a bayan ɗaki, inda Inna ba ta zuwa. In matsa lemu, in zuba gishiri, in tsaya gadi. Tari kaɗan ta yi daga ɗakinta sai in yi wuf in rufe yadin. Tabon ya koma ruwan ɗorawa, daga baya ya ɓace. Na ɗauraye har sau huɗu saboda ƙanshin lemun, ina kallon ruwan yana bin rariya zuwa kwatar lungu.

Wata Juma'a Inna ta ce in kawo mata yadin, kamar yadda ta saba jefi-jefi. Ta shafa, ta sake shafawa.

"'Yar nan, na ji ya yi laushi."

"Ajiya ce, Inna. Haka yadi yake in ya daɗe."

Sai ta ɗora shi a fuskarta, ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Kin iya riƙo."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ƙulla a raina cewa in alhazai sun dawo zan roƙi zamzam in yayyafa masa, sannan in durƙusa in faɗa mata komai. Amma tun kafin su tashi ciwo ya kwantar da ita. Sau nawa na shiga ɗakinta da maganar a bakina! In na zauna na ga yadda numfashinta ke fita da ƙyar, sai in ce, "Inna, a kawo kunu?" In fito ina cewa sai ta ɗan ji sauƙi.

Ta rasu da hantsi, saura kwana kaɗan Babbar Salla. Ni na miƙa yadin. Daga tsakar gida ina jin maigidana a zaure yana gaya wa masu yanka likkafanin cewa an tsoma shi a zamzam, suna amsawa da masha Allah. Na toshe bakina da mayafi. Mata suka yi ta ba ni haƙuri, suna cewa ba su taɓa ganin surukar da ta so uwar miji haka ba.

Bayan addu'ar uku na sami maigidana shi kaɗai, na faɗa masa tun daga kabad har ɗauraya.

"Likkafani ya yi," ya ce. "Tsarki ake nema, ba zamzam ba."

Na ce to ya yafe mini.

"Ni me kika yi mini? Mai yafewar kin yi wata uku kina kai mata kunu."

Ya sa takalmansa ya fita masallaci. Bai sake tayar da zancen ba har shi ma ya bi ta.