Kana Nan?

Igwar ta tashi, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin takalmina, farin hayaƙi ya haɗiye ɗana gaba ɗaya. Ban san lokacin da na miƙe daga kujera ba. Na ce, "Kana nan?" Shiru. Na sake faɗa da ƙarfi. Shiru. Sai na tsallake jar igiyar da aka ce kada kowa ya tsallake, ni da wannan gwiwa da ba ta hawa bene in asansar, injin hawa sama, ya lalace, na faɗa cikin fili ina ƙwala kiran sunansa. Sunansa na yanka. Ɗan farina.

Ku yaran da aka haifa a nan Faransa ba za ku gane ba, sai na faɗa muku. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Yaron nan har ya yi furfura sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. In ina son shi, in ce "kai". In ina maganarsa, in ce "wancan". Ko a asibiti aka tambaye ni, takarda nake miƙawa su karanta da kansu. Da na koyi rubutu da tsufana, na rubuta sunan kowa a gidanmu ban da nasa, kuma a nan ma ba za ku gan shi ba.

Aikinsa a depo yake, wurin ajiyar kaya, nan bayan Vénissieux, yana tuƙa injin ɗaga kaya. Amma duk Lahadi sai ya tafi wani fili can bayan Lyon, inda tsofaffin Nasara suke da kulob na harba bindigogin da, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ba farauta suke ba, takarda suke harbi. Shi kaɗai ne baƙi a cikinsu. Ya daɗe yana bin su kafin su saki jiki da shi, yana share musu fili, yana ɗaukar musu tebur. Ranar nan bikinsu ne, kowa ya zo da iyalinsa, kuma ranar ce ta farko da suka yarda ya kunna ƙaramar igwarsu, wadda ba ta fi turmin daka ba. Ya ce, "Inna, ki zo ki gani." Na sa leshina mai kyau na je.

Tun daga bakin ƙofa warin ya kama ni. Warin albarushi kamar ruɓaɓɓen ƙwai ne da aka jefa a wuta. Jikata ta toshe hanci. Ni kuwa sai na ji ni a zauren kakana.

Kakana maƙeri ne, a wani ƙauye gabas da Damagaram. Fartanya da lauje ne abincinsa, amma bindiga ce ransa. Shi yake ƙera ta, shi yake harba ta. In an ga watan Sallah shi yake faɗa wa ƙauyukan kewaye, in an yi haihuwa a babban gida shi ake kira. Babu harsashi, ƙara kawai ake so. Ina iya ganinsa yanzu: ya kafa gindinta a ƙasa, ya zuba albarushi daga ƙahon sa, ya cusa tsumma, ya yi ta dannawa da sandar ƙarfe yana cije leɓe. Hannunsa na hagu yatsu ba su cika ba. Ƙanensa kuwa bindiga ce ta fashe da shi tun kafin a haife ni, a dandalin da ake harbin.

Shi ya sa kakata ba ta taɓa fita kallo ba. Takan tsaya a bayan danga, hannu a ƙirji. Da ta ji ƙarar, sai ta ɗaga murya: "Maƙeri, kana nan?" Shi kuma daga dandali ya ce, "Ina nan! Wa zai ɗauke ni?" Sai ta yi tsaki ta koma kan tukunya. Duk garin an san wannan. Mu yara har mukan jira shi fiye da harbin.

Wata shekara azumi ya ƙare a ƙarshen damina, gero ya yi kai, ƙasa da ɗan danshi. Rana ta faɗi ke nan aka ga wata siriri a kan kuka. Kakana ya ce bana sai ƙauyen bayan tabki sun ji, don bara sun ce ba su ji ba, suka ƙara azumi suna zaginsa. Ya ɗura fiye da yadda ya saba. Da ya harba, kaji suka watse, jakin maƙwabta ya tsinke igiya, hayaƙi ya rufe dandali.

Kakata ta ce, "Maƙeri, kana nan?"

Babu amsa.

Ta sake. Babu amsa. Sai ga ta ta fito da gudu, babu kallabi, zani a hannu, ta ratsa tsakiyar maza har da liman, tana kiran sunansa. Mijinta, sunansa tsirara, a gaban gari. A ranar na san sunan kakana.

Hayaƙi ya washe, ga shi tsaye lafiya lau, fuska baƙi ƙirin, yana washe haƙora. Kunnensa ne ya tafi. Bai ji tambayar ba, bai ji sunan ba. Yana ta cewa, "Me ya fito da ke? Ina kallabinki?" Mutane suka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa.

Kakata ba ta je idi ba. Ba ta sake zuwa rijiya ba sai da aka gama girbi, uwata ce take ɗebo mata. Samarin gari in sun wuce bayan dangarmu sai su siranta murya su kira sunan. Ba ta taɓa tankawa ba. Wata rana ina tsince mata wake na ce, "Kaka, ai bai ji ba." Ta ce, "Ni na ji." Kunnensa ɗaya ya dawo daga baya, ya ci gaba da harbinsa, amma daga ranar in ya harba, kafin hayaƙi ya tashi yake ihu, "Ina nan!" ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

To, ga ni ni ma a tsakiyar fili, a ƙasar mutane. Wani tsoho mai jan fuska, shugabansu, ya busa usur kamar zai fasa shi. "Madame! Non! Non!" Kowa ya aje bindiga. Ashe can gefe akwai wani da ya riga ya ɗura tasa, yana jiran a ba shi izini. Ta gaban bakin bindigarsa na bi. Ɗana yana durƙushe kusa da igwa, lafiyarsa ƙalau, da wani abu kamar kofuna biyu a kunnuwansa don kada ƙara ta kurmantar da shi. Abin da kakana bai samu ba, shi ne ya hana ɗana ya ji ni. Sai da ya ga mutane suna nuni ya juyo, ya cire su, ya gan ni tsaye cikin hayaƙi da leshina.

Shugaban ya ja shi gefe. Faransancina na kasuwa ne, amma na gane. Cewa yake, baƙonka nauyinka ne. Wanda baƙonsa ya tsallake igiya, sai an zauna a kansa, ko a bar shi a kulob ko ya tafi. Na ga ɗana, babban mutum mai 'ya'ya, yana sunkuyar da kai yana cewa pardon, pardon. Wata Banasariya ta kawo mini ruwa tana shafa mini baya kamar wadda ta ruɗe. Gara da ta zage ni.

Su abin da suka gani tsohuwa ce ta tsallake igiya. Surukata kuwa, matar ɗana, 'yar Maraɗi ce, ta san abin da ta ji. A mota ta kafe ido a taga har muka iso unguwarmu Minguettes. Sai jikata daga baya ta ce, "Kaka, ashe kin san sunan Papa?" Uwarta ta make mata cinya. Ni na ja mayafi na rufe fuska.

Ban iya zama a gidan ba. In ya shigo falo, in shige ɗaki. Na ce ina kewar 'yata, aka sa ni a jirgin ƙasa zuwa Paris, na sauka wurinta a La Courneuve. Ita ma labarin ya riga ni. Ta ce, "Inna, nan Faransa ce, wa ya damu da suna?" Gaskiyarta. 'Ya'yanta sunan ubansu suke kira in suna wasa, babu mai ɗaga kai. Kakata ta guji mutanen gari ne, don kowa ya san abin da ta yi. Ni babu mai bin bayan gida yana kwaikwayon muryata, amma hakan bai rage komai ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba sunan kaɗai ba ne. Yaron nan kwali yake ɗagawa Litinin zuwa Asabar, abu guda ya samu nasa na kansa, ya gayyato uwarsa ta gani, ta zo ta tattake shi. Kullum ina son in tambaya ko sun kore shi, bakina ya ƙi.

Ana nan, wata Lahadi da hantsi ina yanka kuɓewa, waya ta yi ƙara. Shi ne. Na shirya doguwar gaisuwa don in ɓoye a ciki. Kafin in buɗe baki na ji dum! a bayansa, har wayar ta yi kuka. Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

Ya ce, "Ina nan, Inna."

Na ce, "Sun bar ka?"

"Sun bar ni. Amma sun ce in za ki sake zuwa, a ɗaure ki a kujera."

Na ce, "Ba zan sake zuwa ba."

Ya yi dariya. Ya ce, "Inna, wai an ce kin faɗi wani abu ranar nan. Kowa ya ji ban da ni. Ko za ki maimaita?"

Na ce, "Kai, ɗan banza." Na kashe wayar.