Aljihu a Jikin Manhajar Mutane

"Yaya, wa ya ce ka sa almakashi a kayan mutane?"

Binta ce, ƙanwar matata, injiniyar kwamfuta. Ni tela ne. Manhajar da nake adana awo a cikinta inci kawai ta sani, mutanen tsallaken iyakar Kongolam kuwa santimita suke aiko min. Na kutsa cikinta in ƙara mata santimita, ta mutu da awon Sallah duka.

Na ce, "To ya ake ƙari?"

"In Alhaji na son aljihu, cikinsa kake farkewa? Riga za mu ɗinka wa manhajar, mu sa santimita a aljihun rigar."

Ta farfaɗo da manhajar, awo ya dawo, ta liƙa mata ƙaramar manhajar santimita daga waje.

Jama'a, in ƙanwar mata ta yi gaskiya, dole ne a gaya mata?