Dawar da Guguwa Ta Watsa

A ƙauyenmu da ke yankin Kuyello, idan aka kawo masara gida, kakata Asabe takan hura wuta a tsakar gida bayan sallar isha'i, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa masara. Ba ta da haƙoran gaba, amma muryarta har gidan maƙwabta. Labari ɗaya ne ba ta taɓa ba da shi da fara'a ba.

Wai wata shekara aka yi fari. Dagaci ya aiki mai awo zuwa masussuka ya gano ko dawar gari za ta kai baɗi. Ashe guguwa ta riga shi, ta kwashi hatsi ta watsa cikin ciyawa har bakin rafi. Mai awo yana sanye da farar riga, ya ƙi sunkuyawa. Ya auna tulin da ke tsakiya kawai, ya koma ya ce ba za ta isa ba. Dagaci ya kori baƙi da makiyaya zuwa daji, wasunsu da goyo. Da ruwan farko ya sauka, sai ga dawa ta tsiro ko'ina a gefen masussuka, ta fi ta gona yawa. Waɗanda aka kora kuwa ba su dawo ba.

A nan Kaka takan tofar da yawu cikin toka. "Tir! Don kada riga ta yi datti!"

Na taɓa tambayarta, "Kaka, an hukunta shi?"

"Ina fa, maigidana. Rawani ma aka naɗa masa." Na kasa ƙarasa masarata.

Na girma na karanta kimiyyar sararin samaniya. Aikina a kan gungun galaksi ne, wato manyan tarin taurari da suka taru wuri guda. Yawancin nauyinsu wani abu ne da ba a gani. Abin da muka sani, irin wanda aka yi mu da shi, kaɗan ne, kuma akasarinsa gas ne mai tsananin zafi. Baƙin ramin da ke tsakiyar gungun, wato wani dunƙule mai tsananin nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, yakan hura wannan gas ya watsa shi nesa. Duk wanda ya auna yadda abubuwa suka dunƙule a sararin samaniya bai lissafa wannan ba, zai ga dunƙulewar ta gaza yadda ake tsammani, ya ɗauka ya gano sabon abu.

Farfesan da nake ƙarƙashinsa haka ya ɗauka a takardar binciken da muke rubutawa tare. Na nuna masa cewa idan aka saka gas ɗin, giɓin da ya gani a awon yana raguwa sosai.

"Malam Isiyaku, cire wannan tarkacen," ya ce. "Taro ya kusa."

"Ranka ya daɗe, ba tarkace ba ne. Shi ne amsar."

"To sai ka cire sunanka."

Na cire sunana.  Masana masu tantance bincike suka dawo masa da takardar, tambayarsu ta farko kuwa ita ce ina lissafin gas.

Da ina yaro na zaci labarin Kaka kan lalaci ne. Yanzu na gane kan mutumin da ya san inda gaskiya ta faɗi ne, ya ƙi dubawa. Kwanan baya na wuce ajin Farfesa, na ji yana gaya wa ɗalibai cewa shi tun farko yake gargaɗin kada a manta da gas. Suna ta rubutawa.