Iskar Waya da Iskar Yaya Sani

Ina Lahodu wurin suna, muna tsakiyar rabon fura, sai wayar Nasiru ɗan yayana tash shigo. Yac ce, "Goggo, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na aje ludayi, na shiga neman mayafina, alhali yana bisa kaina.

Malam Sani yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi yar riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ke saɓa ni a kafaɗa zuwa makarantar allo in an yi ruwa. Masunci ne tun ba a yi dam ɗin Goronyo ba. Maƙwabta sun riga ni faɗin kifin da yake aika musu ba su roƙa ba. Ni wani ɗan abu nake son in tuna, wanda ko a zaman makoki ya sa mu dariya.

Da ciwon ƙafa yah hana shi shiga jirgi, sai yak koma shiru, ko fadar ƙofar gida ba ya fita. Ana nan sai ɗansa Nasiru, da ke koyarwa a Rabah, yak kawo wani wasa a kwali, wai shi golf. Allo ne mai gidaje, an zana tafki da rairayi da rami, kowa na tura 'yar ƙwallonsa zuwa ramin. Akwai kuma manhaja a waya mai faɗin iska: daga ina take, gida nawa za ta ture ƙwallo. Sai da na tabbatar babu kuɗi a ciki, babu caca, kana na zauna kallo.

Manhajar na da hanya biyu. Ko ta faɗi iska kafin ka buga, ko sai ka zaɓi wajen da za ka nufa sannan ta faɗa. Nasiru yas so a bi mai sauƙin. Yaya yac ce, "Mi? Ni tun da nike shiga ruwa iska ba ta taɓa aiko man manzo ba. A sa mai wuyar." Sai anka ba ni riƙon waya, in karanta iska bayan kowa ya zaɓa. Yac ce, "Hajara ko tsoro na kashe ta, ba ta ƙarya."

Abin dariyar, Yaya bai yarda akwai iskar da ba ta Allah ba. Kafin ya buga sai ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya dubi ganyen darbejiya, ya karkata bugunsa yadda iskar tsakar gida tan nuna. Sai in karanta ta waya, sai ƙwallo tsundum cikin tafki. Matarsa, Iya Kulu, wadda ke cinye mu kullum tana tsinkar zogale, takan ce, "Malam, ka koma wurin aiki?" Shi kuma ya ce, "Masunci ina za shi in ba ruwa ba?" Bai taɓa ci ba, ko sau ɗaya. Amma ya koma cin tuwo, ya koma tsokana, in na makara har aike yake.

Da jiki yay yi nauyi, wata la'asar yac ce a shimfiɗa allon kusa da katifarsa. Ranar wasa yay yi masa kyau, bugu ɗaya yar rage ya shiga rami. Iya Kulu taj ja ni bakin murhu, idonta da ƙwalla. Tac ce, "Don Allah Hajara, yau iskar gabas ke kaɗawa, ko mi wayar tan nuna, ki ce gabas. Bari shi ci sau guda." Ina son in ga ya ci fiye da yadda take so.

Yal lashi yatsa, yac ce iskar gabas ce, yaz zaɓi wajensa. Na duba waya: yamma, gida uku. Kowa ya zuba mini ido. Na yi bisimilla a zuci, nic ce, "Yamma, Yaya. Gida uku."

Nasiru yat tura ƙwallon cikin tafki, kansa a sunkuye. Sai Yaya yay yi dariya har da tari. Yac ce, "Kulu, na ga kin ja ta murhu. Da ta ce gabas, da na san kun hidda rai da ni." Yad dube ni, yac ce, "Gobe ki zo da wuri, auta. Ina da ramuwa." Mun ƙara wasa bayan nan, kuma duk a ruwa yaƙ ƙare, yana murna.

Ya Allah, Kai ke juya iska yadda Ka so. Ka jiƙan bawanka Sani, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa alherin da yay yi wa mutane ya tarbe shi. Ka ba Iya Kulu da Nasiru da ƙannensa haƙuri, Ka rufa musu asiri. Mun ga ƙwallonsa na faɗawa ruwa kullum. Shi kam, ya Rabbi, Ka sauke shi lafiya a Aljannar Firdausi. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.