Ranar da Ɗayyabu Ya Ce A Bincika

Duk wanda ya taɓa sayen ragon layya a karar Katsina ya san Malam Ɗayyabu dillali, ɗan gajeren dattijon nan na Ƙofar Marusa mai yawo da igiya a kafaɗa ko da biki za shi. Surutu gare shi kamar rediyo, ga tsokana, amma akwai kalmomin da ba ya wasa da su. In ka ce wa mutum ɓarawo a gabansa, sai ya tsayar da cinikin da yake yi, ya juyo ya ce, "Ka gani ko ka ji?"

A wurin mahaifinsa ya koyi haka, zamanin da magana take da nauyi. A lokacin, in mutum yana zargin wani, zaure yake jansa ya faɗa da ƙaramar murya. In abin ya kai ga tuhuma, sai an tara dattawa da shaidu. Ƙazafi kuwa ko sunansa ba a son ji, domin wanda aka kama ya yi shi sai ya yi makonni bai iya zama a majalisa ba. Dillali kuma yana da tasa kalmar. In aka taɓa baƙonsa da ya kawo dabba, zai dafa ƙirji ya ce, "A wuyana." Shi ke nan, magana ta koma kansa.

Babban baƙon Ɗayyabu shi ne Gidaɗo, wani Bafillace dogo marar yawan magana, da ke zaune a ruga can gaba da Batagarawa. Tun suna samari yake kawo masa tumaki. A zaurensa yake sauka, matarsa ta aiko da man shanu, matar Ɗayyabu ta mayar da ƙwaryar cike da daddawa. Ɗayyabu ya yi ta zolayarsa wai ya fi son tunkiya da mutane, shi kuwa sai murmushi.

Sai zamani ya juya. Satar dabbobi ta yi yawa, tsoro ya shiga zukata, kalmar ɓarawo ta zama araha, ana jifan mutum da ita tun kafin a tambayi sunansa. Wata shekara ana gab da Babbar Sallah, Gidaɗo ya kawo wani farin rago mai baƙin wuya. Suna tsaye sai ga wani mahauci, Lado, ya kutso ya riƙe ƙahon ragon.

"Wanga ragona ne! Shekaranjiya aka kwance shi ƙohwar gidana."

Kafin ka ce me, jama'a sun kewaye su. Masu ɗaga waya suna ɗauka, masu neman sanda suna nema. Gidaɗo kuwa sai ya juyo ya dubi Ɗayyabu.

Ɗayyabu ya san ragon, ya san uwarsa, don shi ya sayar wa Gidaɗo ita. Amma da ya ga idanun mutane sai ya tuna yadda ake kiran dillalai abokan ɓarayi, ya tuna iyalinsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "To, a yi haƙuri, a bincika."

An bincika ɗin. Kafin la'asar aka samu ragon Lado a bayan gidan wata mai sayar da dusa, ya ci ya yi nak. Lado ya zo yana sosa ƙeya, ya ce wa Gidaɗo, "Baba, a gafarce ni, kama ce ta yi yawa." Jama'a suka watse kamar ba su ne suka nemi sanda ba.

Gidaɗo ya sayar da ragonsa, ya ba Ɗayyabu la'adarsa cif, ya ce yau ba zai kwana ba, akwai saniya marar lafiya a gida.

Bayan Sallah Ɗayyabu ya hau babur ya bi shi har ruga. Ya tafi da shirin a wanke shi tas. Ya so Gidaɗo ya ce masa ka ci amana, ko ka ba ni kunya, ko wace irin magana mai zafi, don ya samu abin da zai durƙusa a kai ya nemi gafara. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo kindirmo, aka yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya. Da ya fara, "Gidaɗo, ran nan a kara…" sai mutumin ya katse shi a hankali.

"Ba komi, Maigida. Ai an bincika."

Ya raka shi har bakin hanya. Daga ranar tumakin Gidaɗo suka koma hannun wani dillali.

Ɗayyabu ya tsufa yanzu, ƙafa ta hana shi zuwa kara sai jefi-jefi. Yakan zauna a ƙofar gida yana ba matasa labarin kasuwar da, yana dariya har da hawaye. Amma in hira ta biyo ta kan masu sharri da masu ƙazafi, sai dariyar ta ɗauke. Ya sha cewa a rayuwarsa an zarge shi da ƙarya, an zarge shi da haɗama, duk bai hana shi barci ba. Abin da ke cin ransa shi ne mutum ɗaya da ya cancanci ya ɗora masa laifi ya ƙi ɗorawa, har aka yi masa sutura a rugarsa bai faɗa ba.