Duwatsun Injin Gyaɗa da Ruwan Soda

A shekarun da sojoji suka yi ta tawaye a Bangui, makarantarmu ta fi zama a rufe. Ina gab da gama lise, wato babbar sakandare, sai na koma zaman gida, ina karatun kimiyya a kan benci kusa da injin markaɗen gyaɗa na Innata. Injin nan shi ke ciyar da mu. Mata daga unguwannin Yakité da Miskine kan kawo soyayyar gyaɗa, wadda ake ce wa karako da yaren Sango, Kawu ƙanin Inna ya markaɗa musu.

Abin da ke niƙan wasu fayafai biyu ne masu kaushi, na gasasshen yumɓu irin na masana'anta. Mu dai duwatsu muke ce musu. Shagon da ke sayar da su a Titin Koudoukou an wawashe shi, mai shi ya tsallaka kogi. Na cikin injin su kaɗai muke da su. In sun lalace, aiki ya tsaya.

An yi wani lokaci ba wuta ba fita, man gyaɗa ya daskare a ramukan duwatsun ya yi wari. Da aiki ya dawo, wata mata ta maido markaɗenta ta ce yana maƙaƙi. Inna ta yanke shawara a tafasa ruwa, a zuba sodar sabulu da yawa, duwatsun su kwana a ciki. A unguwarmu duk maiƙon da ya gagara soda ake sa masa. Kuma Inna ta daɗe tana dama soda a wani kwanon tangaran, don haka a ganinta soda ba ta cin abin da aka gasa daga ƙasa.

Ni ba mai magana ba ce. Na ce a hankali, "Inna, a ɗan dakata zuwa gobe."

Kawu ya juyo. "Malama ta yi magana, yau akwai ruwan sama. To, me littafi ya ce a kan gyaɗa?"

"Bai ce komai ba, Kawu. Amma ya ce soda mai zafi tana cin gilashi. Ƙwayoyin dutsen nan kuma abu mai kamar gilashi ne ya riƙe su."

"Ke dai da ƙa'ida," in ji Inna, amma ta sauke tukunyar.

Akwai guntun tsohon dutsen inji da Kawu ya tokare ƙafar injin da shi. Na zaro shi na fasa biyu. Ɗaya na jefa a gwangwani cikin soda mai kauri da zafi na bar shi ya kwana. Ɗayan na wanke da ruwa mai ɗumi da 'yar soda kaɗan, na ɗauraye nan take.

Da safe na kankare su da ƙusa a kan farin tsumma. Wanda na ɗauraye bai zubar da komai ba. Wanda ya kwana kuwa yashi ya riƙa kwaranya daga jikinsa. Na ɗauko kwanon Inna na karkata shi ga rana. Daga iyakar inda soda ke kaiwa zuwa ƙasa sheƙin ya dushe, sama kuma yana ƙyalli.

Inna ta murza yashin tsakanin yatsunta. "Wannan ne zai shiga miyar mutane?"

"Da sun ce tsakuwa muke ƙara musu don awo ya yi nauyi," in ji Kawu. "Yaya, ki ba Malama burushin."

Haka muka wanke su, ruwa mai ɗumi, soda 'yar kaɗan, gogewa da sauri, ɗauraya har santsi ya bar hannu, sannan ruwan lemun tsami. Kawu ya fara niƙa tsohuwar masara muka zubar, kafin ya zuba gyaɗar kowa.

Da hanyar Kamaru ta buɗe, sababbin duwatsu suka shigo gari. Inna ta sayi biyu ta tura su ƙarƙashin gado cikin kwalinsu, don na cikin injin ba su gama aiki ba tukuna.